Tsallake Yanka: Dabarar da Ta Baro Teburin Caca Ta Koma Hannun Masu Dabo

Cikin saƙonnin da suka iso mana a 'yan makonnin nan akwai tambaya ɗaya da ta yi ta maimaituwa. Kuna ganin bidiyo a waya: mutum ya baje karta, a zaɓi ɗaya, a cusa ta can tsakiya, ya kaɗa yatsa, sai ga ta a sama. Wasunku sun ce aikin aljanu ne, wasu sun ce haɗin kwamfuta ne. Aikin yatsu ne, kuma tsohuwar hanyar yin sa ta girmi kakannin kakanninmu. Turawan Ingila suna kiran ta pass, Faransawa kuma suna cewa sauter la coupe, ma'ana tsallake yanka. Sunan Faransawan za mu ɗauka, domin shi ne ya tona asirin gidan da dabarar ta fito.

Kafin a tsallake abu sai an san shi. Duk wanda ya taɓa kallon ana buga Whot ya san ƙa'idar: mai rabo ya cuɗa kartar, sannan ya miƙa wa na kusa da shi ya yanka, wato ya ɗebe wani kaso daga sama, a mayar da shi ƙasa. Rashin yarda ne ya haifi wannan ƙa'ida. Mai rabo zai iya jera masu kyau a sama yayin da yake yi kamar yana cuɗawa, don su faɗo masa ko abokinsa. Idan wani ya yanka, shirin ya nutse a tsakiya, wahalar macuci ta tashi a banza.

Sai dai yanka yana da wani rauni, kuma za ku iya gano shi yanzu a kan bencinku. Ku yagi takarda gida goma, ku rubuta 1 zuwa 10, ku jera su 1 a sama. Ku ɗebe huɗu na sama ku mayar ƙasa. Jerin ya zama 5, 6, 7, 8, 9, 10, 1, 2, 3, 4. Ku duba da kyau. Har yanzu 6 na bin 5, 2 na bin 1. Babu abin da ya hautsine. Kamar yara ne da suka yi da'ira riƙe da hannun juna: ko daga wa ka fara ƙirga, kowa na nan kusa da maƙwabcinsa. Yanzu ku sake yankawa daidai tsakanin 10 da 1, wato ku mayar da shida na sama ƙasa. Kun dawo 1 zuwa 10 kamar ba a taɓa su ba.

To, nan gizo ke saƙar. Yanka na biyu a daidai wurin na farko yana goge na farko. Abu biyu kawai macuci ke buƙata: ya san wurin da kashi biyun suka haɗu, kuma ya sake yankawa ba tare da an gani ba. Na farkon mai sauƙi ne. Idan ya ɗauki kartar a hannun hagu, sai ya ɗan cusa kan ƙaramin yatsansa a tsakani ta baya, inda ido ba ya kaiwa. Na biyun ne aiki. Hannun dama ya zo ya rufe kartar kamar zai daidaita ta. A ƙarƙashin wannan rufi yatsun hagu su janye kashin sama zuwa gefe, hannun dama ya ɗan ɗaga kashin ƙasa, biyun su wuce juna su haɗe. A hannun gwani abin bai kai daƙiƙa ɗaya ba. A hannun ɗan koyo kuwa karta ce za ta watse a ƙasa, kuma haka za ta yi ta watsewa watanni.

Wa ya ƙirƙiro ta? Babu littafin da ya adana sunansa, kuma dalilin a fili yake: macuci ba ya rubuta littafi, domin ranar da aka san dabararsa ranar abincinsa ya ƙare, wataƙila har da haƙoransa. Abin da tarihi ya adana shi ne sawun masu tona asiri.

Ita kartar kanta ta shiga Turai ne wajajen shekarun 1370, kuma masana sun fi karkata ga cewa daga Masar ta zamanin Mamluk ta tsallaka. Akwai irin kartar Mamluk ɗin a gidan tarihi na Topkapi da ke Istanbul, mai alamomin kofi da tsabar kuɗi da takobi da sandar wasan ƙwallon dawaki. A 1377 hukumar birnin Florence na Italiya ta riga ta fitar da dokar hana wasan. Ba a daɗe ba maguɗi ya bi sahu. Girolamo Cardano, likita kuma masanin lissafi ɗan Italiya wanda ya mutu a 1576, ɗan caca ne na gaske, kuma a littafinsa kan wasannin sa'a ya ambaci masu yi wa karta alama da masu shafa mata sabulu don ta riƙa santsi. Littafin nan, wanda sai a 1663 aka buga shi, yana cikin rubuce-rubucen farko kan lissafin yiwuwar aukuwar abu, wanda malamin lissafi ke koya muku da ƙwallaye ja da baƙi a cikin jaka. Wajajen 1594 kuma mai zane Caravaggio ya zana wani saurayi mai kuɗi yana duba kartarsa hankali kwance, wani dattijo na leƙe ta bayansa yana ba da alama da yatsu, abokin wasan kuma na zaro ɓoyayyiyar karta daga bayan ɗamararsa.

A Ingila, wani mutumin yankin Kent mai suna Reginald Scot ya fitar da littafi a 1584, The Discoverie of Witchcraft. A zamaninsa ana kama talakawa, galibi tsofaffin mata, a kashe su da sunan maita. Scot ya ga zalunci ne, ya zauna ya rubuta. Don ya nuna cewa ba duk abin mamaki ne ke da hannun shaiɗan ba, ya ware wani sashe ya bayyana yadda masu dabo ke wasa da ƙwallaye da kuɗi da karta. A kan karta ya nuna cewa jigon aikin shi ne mutum ya yi kamar yana cuɗawa alhali ya san inda karta guda take, ya kuma ja kunnen mai karatu kan zama da 'yan caca. Wato tambayar da kuka aiko mana, ta aljanu ne ko yatsu, an yi ta shekara fiye da ɗari huɗu da suka wuce, kuma a lokacin ran mutane ne ke rataye da amsar.

Tsallake yanka dalla-dalla, yadda mai karatu zai ɗauki karta ya gwada, a Faransa ya fito fili. A 1769 Edme-Gilles Guyot, ma'aikacin gidan waya mai son kimiyya, ya fara fitar da jerin littattafai na wasannin kimiyya da lissafi, kuma a ciki ya koyar da wannan motsi don nishaɗi. A 1786 Henri Decremps, wanda ya yi suna wajen fallasa asirin wani shahararren mai dabo ɗan Italiya, Pinetti, ya ƙara faɗaɗa bayanin. Ku lura da sunan da suka riƙe. Mai dabo ba shi da wani yanka da zai tsallake, domin ba caca yake yi ba. Amma sunan ya biyo dabarar daga tsohon gidanta, kamar yadda ake kiran mutum Bakatsine ko da a Kano aka haife shi.

Me mai dabo zai yi da ita? Ya raba kartar biyu, ya ce ka ajiye wadda ka zaɓa a kan kashin ƙasa, ya rufe da na sama. Idonka ya shaida ta nutse a tsakiya. Ƙaramin yatsansa na nan a kanta. Motsi ɗaya, ta dawo sama. Daga nan sai abin da ya ga dama: ya zare ta a tafin hannu, ya fito da ita daga aljihu, ko ya bar ta nan ya kaɗa yatsa.

A ganinmu, dabarar ta fi jin daɗin sabon gidan nata, kuma dalilin shi ne lokaci. A teburin caca, da zarar an yanka, idon kowa na kan hannun mai rabo, kuma abin da ake jira ya yi ɗaya ne, ya raba. Duk wani rufe karta da hannu biyu abin tuhuma ne. Mai dabo kuwa shi ke da lokaci. Yana tsaye, yana surutu, yana iya jira. Sai ya ɗago kai ya tambaye ka: ka tabbata ka riƙe kartarka a ka? Ɗan Adam kuwa in aka yi masa tambaya fuskar mai tambayar yake kallo. Kafin idonka ya koma ƙasa an gama. Ana yawan cewa hannu ya fi ido sauri. Masu sana'ar da kansu ba su yarda da wannan ba. Ido ya fi hannu sauri nesa ba kusa ba, aike shi wani wuri ake yi.

Wanda ya fi kowa haɗa gidajen biyu a rubuce shi ne Jean-Eugène Robert-Houdin, mai gyaran agogo daga garin Blois, wanda ya buɗe gidan wasansa a Paris a 1845 ya shiga yin dabo cikin kwat irin ta manyan mutane. Sunansa ya taɓa nahiyarmu ta hanyar da ba ta da daɗin ji: a 1856 gwamnatin Faransa ta tura shi Aljeriya ya yi wasa gaban shugabannin ƙabilu, don a nuna musu wai sihirin Faransa ya fi na malamansu ƙarfi. Ɗaya daga cikin abin da ya nuna wani ƙaramin akwati ne da ƙato ya kasa ɗagawa, alhali maganaɗisun lantarki ne a ƙarƙashin dandali ya riƙe shi. Wannan labarin wata rana ne. A 1861 ya fitar da littafi sukutum kan maguɗin 'yan karta, bisa hujjar cewa in aka wayar da kan waɗanda ake cuta, macuta za su rasa kasuwa. A ciki ya jero hanyoyin kashe yanka. Ban da tsallakewa akwai wadda ake kira gada: a ɗan lanƙwasa rabin kartar yadda za a sami 'yar ƙofa a tsakani, sai yatsun mai yanka su faɗa wurin da kansu, ya yanka daidai inda macuci ke so yana ganin zaɓinsa ne.

Sai wani abu da zai ba ku sha'awa. Littafin da ya yaɗa wannan ilimi cikin harshen Ingilishi, Modern Magic na 1876, a mujallar yara maza 'yan makaranta ya fara fitowa kashi-kashi kafin a haɗa shi. Marubucin lauya ne a Landan, Angelo Lewis, amma ya sa wa kansa Farfesa Hoffmann don kada dabo ya ɓata masa sunan aiki. Tsallake yanka ne darasin farko da ya koyar a fannin karta, kuma ya ɗauke shi ginshiƙin fannin baki ɗaya. Shekaru da dama bayan haka, in ba ka iya shi ba, ba a lissafa ka cikin masu wasan karta. Aka yi ta fito da sababbin salo: na hannu ɗaya da ake jingina wa wani dattijo mai suna Charlier da ya zauna a Landan, da wanda ake ɓoyewa cikin juya kartar gaba ɗaya, mai ɗauke da sunan Herrmann.

A 1902 wani ƙaramin littafi ya fito a Chicago ta Amurka, The Expert at the Card Table, da zane 101 na hannuwa riƙe da karta. Sunan marubucin S. W. Erdnase. Ku rubuta shi ku karanta daga ƙarshe zuwa farko, za ku sami E. S. Andrews. Har yau masu bincike na jayayya kan ko wane ne. A 1946 marubucin wasannin lissafi Martin Gardner ya gano wanda ya yi zanen, Marshall Smith, amma abin da tsohon ya iya tunawa bai warware gardamar ba. Abin da ya shafe mu shi ne hukuncin da Erdnase ya yanke. Ya rubuta da muryar wanda ya san teburin caca ciki da bai, ya koyar da salo iri-iri na tsallake yanka har da nasa na kansa, amma ya faɗi gaskiya cewa ba a kai ga ƙirƙiro wanda zai saje da motsin da aka saba gani a teburi ba. In ana kallon hannunka, za a ga wani abu ya faru ko da ba a san mene ne ba. A teburin kuɗi kuwa wannan kaɗai ya isa.

Wani yaro a Ottawa ta Kanada, David Verner, wanda aka haifa a 1894, ya sami littafin nan yana ƙarami ya haddace shi. Shi ne duniya ta sani da Dai Vernon. Ya daɗe yana cin abinci da almakashi, yana yanka hoton inuwar fuskar mutane a baƙar takarda, karta kuwa ita ce rayuwarsa. Harry Houdini, wanda ya ari sunansa daga Robert-Houdin kuma ya taɓa tallata kansa a matsayin sarkin karta, yana cika bakin cewa babu dabon da zai gani sau uku bai gano shi ba. A Chicago, a 1922, Vernon ya sa shi ya rubuta haruffan sunansa a kan karta, ya cusa ta ƙarƙashin ta sama, sai ga ta a sama. Ya maimaita har sau bakwai, wasu sun ce takwas, Houdini bai gano ba. Vernon bai tsallake yanka ko sau ɗaya ba. Ya yi amfani da wata karta ta musamman mai baya biyu, da kuma dabarar juya karta biyu a manne kamar ɗaya, wadda asalinta ke cikin wani littafin Richard Neve na 1716. Mai jiran ya kama babban motsi, ƙarami ya wuce shi. Yawancin bidiyon da kuke gani yau wannan hanya ta biyu suke bi, domin ta fi sauƙi kuma ta fi jure kallon kyamara.

Su ma 'yan caca ba su zauna ba. A farkon shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, Vernon na garin Wichita yana yankan hotunansa, sai ya ji daga bakin wani ɗan caca da ke tsare a kurkuku cewa akwai wani mutum a yankin Kansas City da ke raba karta daga tsakiya. Masana sun ɗauka hakan ba zai yiwu ba. Vernon ya bar aikinsa ya bi gidajen caca yana cigiya, har a 1932 ya same shi a wani ƙaramin gari, Pleasant Hill, a jihar Missouri. Sunansa Allen Kennedy. Ku duba yadda ya warware matsalar da ta gagari Erdnase. Bai goge yankan ba sam. Ya bar kartocin da yake so a tsakiya inda yanka ya kai su, yana zaro su daga can ɗaya bayan ɗaya, kowa na ganin daga sama yake rabawa. Shekaru ya yi yana horar da yatsunsa kafin ya iya. Mu dai abin da ya tsaya mana a rai shi ne, wannan baiwa da wannan naci duk sun ƙare ne a ɗakunan caca na ƙauye, kuma ba don mai dabo ya neme shi ba da ko sunansa ba a sani ba.

Wannan ya kawo mu kan abin da ya shafi aljihunku. Motsin yatsun ɗaya ne a hannun mai dabo da hannun macuci. Mai dabo ya gaya maka tun farko cewa zai rufe maka ido, ka yarda, ka yi dariya, ka tafi da kuɗinka. Ɗaya kuwa cewa yake sa'a ce, zo ka gwada. Idan kun ga an yi cincirindo a tasha ko bakin kasuwa ana juya karta uku, wani na ta cin kuɗi a gabanku cikin sauƙi, ku tuna dattijon da ke cikin zanen Caravaggio: mai cin nan ɗan gida ne. Addini ya riga ya haramta caca, iyaye sun hana, ga kuma tarihi ya ƙara da nasa: Houdini da ya san sana'ar ya kalla sau bakwai bai gani ba, balle wanda aka aika da kuɗin cefane.

Vernon ya rayu har 1992, kuma cikin waɗanda suka koya a hannunsa akwai wani yaro ɗan New York, Persi Diaconis, wanda ya bar gida yana da shekara 14 ya bi shi yawon dabo. Ba mu ce ku yi koyi da wannan ɓangaren ba. Daga baya ya koma makarantar dare don yana son ya fahimci wani littafin lissafi da ya gagare shi, ya yi digirin digirgir a Harvard, ya zama farfesan lissafi da ƙididdiga a Jami'ar Stanford. A 1992 shi da Dave Bayer suka nuna da lissafi cewa karta 52 tana buƙatar kimanin cuɗawa bakwai, irin wadda ake raba ta biyu a saƙa su cikin juna, kafin ta hautsine sosai. Yanka kuwa, kamar yadda takardunku goma suka nuna, ko sau ɗari aka yi bai raba kowa da maƙwabcinsa ba.

Ga aikin gida na wannan mako, kuma ba sai da karta ba, takarda da biro sun isa. Akwai karta 52 a jere. Mutum na farko ya mayar da 19 daga sama zuwa ƙasa. Guda nawa za a mayar daga sama zuwa ƙasa don jerin ya koma yadda yake? Wannan ta share fage ce. Ga ta gasken: bayan na farko ya mayar da 19, na biyu ya mayar da 10, na uku ya mayar da 30. Shin yanka ɗaya tak zai iya goge ukun duka? In zai iya, guda nawa za a mayar? Ku aiko da amsa tare da yadda kuka bi kuka same ta, da sunan makarantarku da ajinku. Za mu buga sunayen waɗanda suka dace a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.